Tauren Inna

Mahaifiyata Bagwariya ce. Yau ina faɗin haka ba tare da na waiga na ga wa ke saurarena ba, amma akwai shekarun da na kasa, kuma labarinsu nake son in rubuta tun ina da sauran idon gani.

Mahaifina Bahaushe ne, ɗan cikin garin Birnin Gwari, mai karatu daidai gwargwado. Da rani yakan ɗora wa jakuna gishiri da kanwa ya shiga ƙauyukan da ke cikin daji, ya dawo da doya da man kaɗanya. A wata 'yar unguwa gaba da Kakangi ya gan ta, ya nema, aka ba shi. Ta zo gari ta musulunta, ta koyi salla, ta haife ni. Ina da shekara bakwai tsohonta ya rasu, ta tafi makoki. Makokin mutanenta a wancan zamani ba abin kwana uku ba ne, ga kiɗa ga giya, Baba kuwa ya ce ta yi kwana bakwai ta dawo. Ta yi wata biyu. Ya aika mata da saki, ya riƙe ni. Shi bai je ya mai da ita ba, ita ma ba ta turo a ba shi haƙuri ba, magana ta tsaya a nan. Bayan 'yan shekaru masu wa'azin Mishan suka isa unguwar, 'yan'uwanta suka shiga, ita ma ta bi su.

Tun daga ranar sakin Baba bai ƙara kiran sunanta ba. In dole ta kama shi sai ya ce "can". Ya sake aure, matar da ya auro ta riƙe ni riƙon Allah da Annabi, ban da abin da zan faɗa a kanta sai alheri. Amma duk shekara, da zarar an gama yankan dawa, shi da bakinsa zai ce mini, "Ka wanke kayanka, gobe za ka can." Washegari ƙanen Inna mahaifiyata, wanda nake kira Kawu, zai iso ƙofar gida ya tsaya daga waje. Su gaisa da Baba a taƙaice, ya sa ni gaba mu kama hanya.

Tafiyar yini guda ce. Daji ne na gaske a lokacin, doka da maɗaci sun haɗe sama, gora ta cika bakin rafuka, birai suna tsallaka hanya a gabanmu ba ko gaggawa. Abin tsoro bai wuce maciji da ɓauna ba. Mukan isa rana ta sunkuya, kuma tun daga nesa nakan gane Inna cikin matan da ke dawowa daga gona, da ƙwarya cike da doya a kafaɗa, don matan Gwari ba sa ɗaukar kaya a ka. Takan ajiye kayan a tsakiyar hanya ta taho da gudu tana kiran sunana, abin da uwa Bahaushiya ba ta yi wa ɗan fari.

Zuwan nawa yakan dace da bikin Kirsimeti. Mutanen unguwar suna da wata al'ada wadda har yau ban ga ta fi ta kyau a zaman maƙwabtaka ba. In za su yi yankan biki ba sa yi da hannunsu, sai su kira Musulmi ya yanka, don kowa ya samu damar ci, da Fulanin rugar da ke kusa da su da fataken da suka kwana. Wani tsohon Bafillatani ne ke yi musu. Da na kai shekara goma sha biyar, Baba ya kira ni bayan gida ana gobe zan tafi, ya koya mini yadda ake kwantar da dabba a fuskanci gabas, da inda ake sa wuƙa, da abin da ake faɗa. Bai ce mini don me ba, ni ma ban tambaya ba. A wannan shekarar ni na yanka akuyar Inna, tana tsaye tana kallon matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ba ta gani ba.

Tana da wata tukunya da ba a dafa wa kowa abinci a ciki sai ni. Naman alade bai taɓa shigarta ba, giya ba ta taɓa kusantarta ba, shekara guda tana kife a saman rumbu. Tana da buta da tabarma da ta ajiye mini. In lokacin salla ya yi ina can ina wasa, ita ce za ta dubi rana ta ce, "Ka tashi, lokacinka ya yi." Ranar Lahadi kuma ta ɗaura zanenta mai kyau ta tafi coci, ina jiyo muryarta cikin masu waƙa. A lokacin ban ga wani abin mamaki a nan ba, uwata ce kawai.

Zariya ce ta koya mini jin kunyarta. Na je karatu ina saurayi, na zauna shekara shida, na samu ilimi, Alhamdu lillahi, na kuma samo abin da ba shi aka aike ni nema ba. A can na fara jin yadda ake kwaikwayon Hausar Gwari ana dariya, a mai da namiji mace a mai da mace namiji, sai na tuna haka Inna take magana, ni kuwa kunnena bai taɓa jin kuskure a ciki ba. Na yi dariyar tare da su. Da abokan karatu suka lura ba na zancen uwa sai na uba, suka ɗauka ta rasu. Ban taɓa cewa ta mutu ba, Allah shaida ne. Amma in wani ya ce Allah ya ji ƙanta, nakan ce amin.

Na dawo gida 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka ɗauke ni malamin Arabiyya a makarantar En'e, wato ta hukumar gargajiya. Ga farar riga, ga keke sabo, ga yara suna durƙusa mini a hanya. Abokan aikina yawancinsu baƙi ne, ba su san asalina ba. Ina kuma neman auren 'yar wani babban gida a gari, su sun sani sarai, amma ina ganin in na yi shiru za su manta. Kowace safiya ina tsaye gaban allo ina karanta wa 'ya'yan mutane haƙƙin uwa a kan ɗanta, har muryata na rawa, yara suna maimaitawa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kaka ta yi, aka yanke dawa. Ranar kasuwa sai ga Kawu ya same ni a ƙofar makaranta ana tashi, da guntun wando da gatari a kafaɗa, ya washe baki.

"Malam ƙarami! Ka dawo ba ka zo ka gaishe mu ba. Uwarka ta ce in gaya maka akuya ta yi ƙiba, saura kwana tara."

Malamai biyu suna tsaye kusa da mu suna gyara kekunansu. Na ja shi gefe. Da ina da ƙarfin hali da na ce masa ba zan zo ba, ya tafi da gaskiya ko da mai ɗaci ce. Sai na lalubo wata mas'ala da na taɓa karantawa a kan dabba mai cin ƙazanta, na yi fuskar malamai.

"Kawu, awakinku ba dusar burkutu suke ci ba?"

"Suna ci mana. Wace akuya ce za ta ga dusa ta wuce?"

"To ai ka ji. Dabbar da ta ci abin giya namanta bai halatta gare ni ba. Da can ban sani ba ne, yanzu kuwa na yi karatu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce to, shi ba malami ba ne, zai kai saƙo yadda aka ba shi. Ya gyara gatarinsa ya nufi kasuwa. Ni kuma na hau keke ina jin wani sanyi a raina, wai na tsare addinina. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutane, ni nawa sanin ma ba ƙarami ba ne, na san sarai ƙarya nake yi da gaskiyar littafi.

Abin da ya biyo baya a bakin Kawu na ji shi daga baya. Da saƙon ya isa, Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta bayar da akuyar aka yanka wa yaran gida, ita ba ta ci ba. Bayan biki ta tafi rugar Fulani ta samo ɗan akuya da aka yaye, wanda bai taɓa taka unguwarsu ba, ta sa aka dandaƙe shi don ya zama taure ya yi ƙiba. Ta kafa masa turke a cikin ɗakinta, ta ɗaure shi. Ba ya fita kiwo, kada ya bi awakin unguwa zuwa gidan masu dafa giya. Da damina ita ke shiga daji ta yanko masa ciyawa, da rani ta ba shi harawa da dusar dawar da ta surfa da hannunta. Ruwan shansa ma a ƙwaryarsa daban. Matan unguwa suka yi ta yi mata tsiya, wai ta haifi auta da tsufa, mai ƙafa huɗu. Ita dai ta ce ɗanta ya yi karatu, ya san abin da ba su sani ba.

Shekara ta zagayo. Na riga na yi aure, ban kuwa aika wa Inna ba sai bayan an gama biki. Kawu ya sake zuwa, wannan karon har gida, ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Uwarka ta ce wannan bai taɓa ganin dusar giya ba, ko warinta bai ji ba. A ɗakinta yake kwana. Ta ce in ba ka yarda ba ka zo ka duba kashinsa."

Ya kamata a nan in ji kunya ta gaskiya. Amma amarya tana ciki, 'yan'uwanta suna shige da fice, kuma wanda ya fara gangara ba ya tsayawa don ya ga dama. Na ce masa ai ba dabbar kaɗai ba ce, akwai maganar ranar. Yankan bikin wani addini ne, bai dace malami kamata ya sa hannu ba.

"Shekara nawa kana yi?"

"Ina cikin jahilci ne."

"Ubanka da ya koya maka, shi ma jahili ne?"

Ya miƙe ya fita ba sallama. Ba a yi sati biyu ba ya turo wani mai kawo doya kasuwa da saƙo: Inna ta ce ta ji, ranar ma ta bar ta. Biki ya wuce ba ta yi yanka ba, taure yana nan. In zaɓi ranar da ta yi mini, ko Talata ko Juma'a, ranar da ba ta kowa ba, in zo in yanka ta dafa mini. Na ce a gaya mata sai an yi hutun makaranta.

Aka yi hutu, na tafi Kaduna sayen littattafai. Aka koma, aka sake yin wani. Damina ta sauka, rafuka suka cika, na samu hujjar da ba ni na ƙirƙira ba, na riƙe ta hannu biyu. Ba zan ce ban tuna da ita ba. Ina tuna ta kullum, musamman in an sa mini abinci a gaba. Ina son ta, wannan ban taɓa shakkarsa ba, kuma ina addu'a a kowace salla Allah ya shirye ta ya dawo da ita Musulunci, wani lokaci har da hawaye. In na shafa addu'ar sai in ji na sauke nauyi, in tashi in ci gaba da harkata. Na fi shekara saba'in yanzu, har yau ban gane yadda zuciya ɗaya take ɗaukar waɗannan abubuwa biyu ba ta fashe ba.

Kaka ta uku Kawu bai zo wurina ba. Wurin Baba ya je, mutumin da shekara ashirin ba su wuce gaisuwar ƙofar gida ba. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai dawo daga makaranta aka ce Baba yana kira.

Na same shi a zaurensa bayan la'asar, ya tsufa, ya daina fatauci, littattafansa suna jingine a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ce in zauna ba.

"An ce ka yi fatawa."

Na sunkuyar da kai.

"Cikin malamai, wanda ya ƙyamaci dabbar da ta ci ƙazanta, kwana nawa ya ce a tsare ta kafin a yanka?"

"'Yan kwanaki ne, Baba."

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

"Ita ta tsare shekara biyu. Ka ce rana, ta ɗage maka rana. Saura me? Faɗa mini, ko akwai wani littafin da bai iso mu nan ba."

Na fara kame-kame, ina cewa mutane, ina cewa matsayina, ina cewa surukai. Ya ɗaga hannu na yi shiru. Na zaci zagi zai biyo baya, don Baba yana da zafi, amma da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Ni na sake ta. Ubanta ya mutu, ta daɗe a makoki, shi ke nan laifinta. Na ce wa mutane don kiɗa da giya ne, aka ce Malam ya kyauta, ya yi kishin addini. Ba kishin addini ba ne. Na ce kwana bakwai ba ta ji ba, abokaina suka yi mini dariya a kasuwa, shi ne kawai. Da na je na ɗauko ta, da yau tana cikin gidan nan tana salla. Wannan yana wuyana, ni zan amsa shi gaban Allah." Ya gyara zama. "Ban haife ka don ka maimaita ni ba. Gobe Asabar. In ba za ka ba, ka ba ni aron kekenka."

Tun ina shekara bakwai ban ji ya yi maganarta da ta wuce kalma ɗaya ba. Na ce zan je. Da zan fita ya kira ni, ya jawo wani ƙullin gishiri daga bayan littattafai, ya tura mini da ƙafa kamar abin bai dame shi ba.

"Ka kai can."

Na fita da sassafe a kan keke. Bayan Kakangi hanya ta ƙi keke, na bar shi gidan wani manomi na ci gaba da ƙafa. Shekara takwas rabona da wannan hanya, amma ƙafata ba ta manta ba. Dawa ta nuna a gonaki, ana ta yanka. Duk wanda na gamu da shi sai ya gaishe ni da Hausa, ya kauce mini, saboda farar riga. Wata tsohuwa ce ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta yi mini magana da Gwaranci, yaren da na sha da nono. Na gane tana tambaya ko ni ne ɗan wance, amma amsar ta ƙi zuwa bakina, sai kai na ɗaga mata.

Na isa da azahar. Inna ba ta je gona ba, ta daina zuwa tun damina saboda tari. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta taso da gudu ba, ba ta kira sunana ba. Ta kakkaɓe zanenta, ta gyara ɗaurinsa, ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na zube a gabanta na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi amarya, ta tambayi makaranta. Na miƙa mata gishirin na ce daga gida ne. Ta juya ƙullin ta dubi irin ɗaurin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta kai shi ɗaki. Da ta fito sai ta dubi rana.

"Ka yi salla?"

Na ce ban yi ba. Ta shiga ta fito da buta da tabarma. Tabarmar sabuwa ce, ta ce gara ta cinye tsohuwar.

Bayan na idar ta kai ni in ga tauren. Ya cika rabin ɗakin, fari da baƙin wuya, ƙibarsa har ta hana shi tsayuwa sosai, kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe saboda rashin tafiya. Wurin a share yake tas. Shimfiɗarta tana ɗaya gefen, 'yar tabarma da bargo. Ta shiga lissafa mini abin da yake ci, daki-daki, tana kallon fuskata ko zan sami abin gyara. Na ce babu laifi, Inna, ya yi. Ta ce to yaushe nake so. Na ce yanzu.

Kawu da wani saurayi suka kama mini shi. Kawu ya riƙe ƙafafun da kyau. Na fuskantar da shi gabas na ambaci sunan Allah, na yanka. Inna ba ta tsaya kallo ba wannan karon. Shekara biyu suna kwana ɗaki ɗaya, ta zagaya bayan rumbu sai da aka gama.

Matan gidan suka ce ta zauna su dafa, ta ƙi. Ta sa aka sauko da tukunyar, ta wanke ta da kanta, ta hura wuta tana tari tana tsayawa ta huta. Aka rarraba sauran naman gida-gida, aka aika wa Fulani rabonsu. A nan ne matar Kawu ta raɗa mini cewa tun ranar saƙona na farko Inna ba ta ƙara sa nama a baki ba, ko na kaza, ko na daji. Ta ce abin da bai halatta ga ɗanta ba ita ma ba ta ci, sai ranar da za su ci tare.

Da rana ta yi sanyi Inna ta kawo tuwon dawa da miyar, ta ajiye a gabana, ta koma gefe ta zauna. Na ce ta matso mu ci. Ta ce in fara. Na kai loma ɗaya, daddawa da barkono da ɗan ɗacin gauta, yadda na san shi tun ina yaro. Na ajiye hannu a bakin akushi. Na ga in na haɗiye wannan tuwo da ƙaryata a ciki, to haram ɗin da nake ta faɗa yau ne zan ci shi.

"Inna, ina da magana."

"Gishiri bai ji ba?"

"Ya ji. Inna, akuyar farko ba ta da laifin komai. Ranar ma ba ita ba ce. Ba addini ne ya hana ni zuwa ba. Kunya nake ji a ce ke ce uwata. Na sa kin wahala shekara biyu a kan ƙarya."

Na jira ta yi kuka, ko ta tashi ta bar ni. Sai ta ɗauki wani ɗan kara tana tsokanar ƙasa da shi.

"Na sani," in ji ta.

"Kin sani?"

"Fiye da shekara bakwai na yi a gidan ubanka. Awakinsa ma har unguwar masu giya suke zuwa kiwo, yana yankawa yana ci. Tun ranar da kawunka ya kawo maganar na gane."

"To don me kika ɗaure taure? Don me kika bar nama?"

Ta yi tari, ta goge baki da gefen zane. Ta dube ni sosai, karo na farko tun isowata.

"In na ce laifin a wurinka yake, me zan iya yi? Kana gari, ka yi karatu, ni ina nan. Sai in zauna in ce na rasa ɗa. Amma da ka ce akuya ce, sai na gode wa Allah, don akuya ina iya gyara ta. Kullum in na tashi ina da ciyawar da zan yanko, in ce wannan ta ɗana ce, yana nan zuwa."

Na yi kuka a gaban matan gidan da yara, da farar rigata da komai. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na yi mai isata, sannan ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannunta, ta matso kusa da akushin. Ta tsamo tsoka ɗaya ta kai baki, ta daɗe tana juya ta, sai na ga ta fitar ta riƙe a hannu. Haƙoranta na gefe sun zube a cikin shekarun nan, ba ta iya tauna nama kuma.

"Ba komai," ta ce, "zan sha romon. Kai ka ci, kada ya huce."